Lambar Yabo da Ƙirjin da Ya Ɗauke Ta

A shekarar 1957 Jamus ta Yamma ta kafa wata doka da ta daɗe tana ba ni abin tunani. Dokar ta yarje wa tsofaffin sojoji su ci gaba da rataya lambobin yabon da suka samu a Yaƙin Duniya na Biyu, bisa sharaɗin a cire alamar 'yan Nazi daga jikinsu. Ma'ana, an ɗauka cewa bajinta daban take, gwamnatin da aka yi wa bajintar kuma daban. Ni kuwa ina tababar wannan rabe-rabe, kuma rayuwar Erich von Manstein ce hujjata.

Babu mai musun gwanintarsa. An haife shi a Balin a 1887, aka raunata shi a Yaƙin Duniya na Farko, ya fito da Gicciyen Ƙarfe. Shi ne ya tsara dabarar kutsawa da tankoki ta dajin Ardennes, wadda ta durƙusar da Faransa cikin mako shida a 1940, a shekarar kuma ya sami Gicciyen Barade. Da ya ci birnin Sebastopol a watan Yuli na 1942, Hitila ya ba shi muƙamin Fil Mashal. Da ya sake ƙwato Karkob a Maris na 1943, aka ƙara wa gicciyen nasa ganyen azurfa. Takubba suka biyo baya ranar 30 ga Maris 1944, wato ranar da Hitila ya sauke shi daga jagorancin runduna. Abin mamaki, yabo da sallama a zama guda.

To amma akwai abin da ba a rubuta a jikin ko ɗaya daga cikin lambobin nan ba. Ranar 20 ga Nuwamba 1941, yana kwamandan Runduna ta 11 a Kirimiya, Manstein ya sa hannu a wani umarni da ke kira ga sojojinsa su fahimci wajibcin tsananta wa Yahudawa. Makonni kaɗan bayan haka, rukunin kisa na Otto Ohlendorf ya harbe dubban Yahudawa a wajen garin Simferopol, rundunar Manstein kuwa ta taimaka da motoci da 'yan sandan soja. Waɗannan mutane ba a fagen fama suka mutu ba. An kai su bakin rami ne, har da mata da ƙananan yara.

Masu kare shi suna cewa soja ba shi ke zaɓen yaƙi ba, aikinsa biyayya, kuma maƙerin da ya ƙera wuƙa ba ya ɗaukar alhakin wanda aka yanka da ita. Maganar tana da nauyi, ba zan raina ta ba, domin rundunar da kowane hafsa ke bin ra'ayin kansa ta zama annoba ga ƙasarta. Sai dai misalin maƙeri bai dace da Manstein ba. Maƙeri ya sayar da wuƙa ya koma bakin maƙerarsa. Shi kuwa yana riƙe da ƙasar da ake kisan a cikinta, kuma duk garin da ya ci da yaƙi, ƙofa ce ya buɗe wa masu kisan. Gwanintar da aka ba shi lamba dominta ita ce ta kai su wurin. Da ya kasance janar maras basira, da wasu da yawa sun tsira.

Ita ma hujjar biyayya tana da rauni, domin mutumin ya iya gardama. Ya sha jayayya da Hitila a kan ja da baya da jibge dakaru, har abin ya jawo masa sallama. Ashe ba bakin magana ya rasa ba. Ya zaɓi abin da ya ga ya cancanci a yi jayayya a kansa, kuma rayukan mutanen Simferopol ba su shiga ciki ba. Da hafsoshin da ke ƙulla kifar da Hitila suka nemi goyon bayansa, ya ƙi, bisa dalilin cewa manyan hafsoshi irinsa ba sa tawaye.

A 1949 wata kotun sojan Ingila da ta zauna a Hambug ta yanke masa ɗaurin shekara 18, bayan ta same shi da laifuka da suka haɗa da sakaci wajen kare fararen hula. Winston Churchill kansa yana cikin waɗanda suka ba da gudummawar kuɗin lauyoyinsa. A 1953 aka sake shi, ya wallafa tarihin yaƙe-yaƙensa a 1955, littafin da ya cika da taswira da lissafin dakaru, ya kuma tsallake ramukan Kirimiya. Daga baya ya zama mai ba da shawara wajen kafa sabuwar rundunar Jamus ta Yamma. Ya mutu a 1973, aka binne shi da girmamawar soja.