Tsakanin Ƙaruwa Da Haɗama

Tun dā masu hankali ke tambaya: ina iyakar da ta raba neman ƙaruwa, wanda halal ne, da haɗama, wadda halaka ce? Mai tara abin duniya yakan ce shi ƙoƙari kurum yake yi. Alhali kuwa amsar tana cikin jikinsa, da zai duba.

An gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta ƙanana, waɗanda ba su ganuwa sai da madubin likita. Kowace ƙwaya kamar gari take. Akwai cibiya, inda aka adana umurnin gado cikin zaruruwa 46 da ake kira kuromosom. Akwai ribosom, masu saƙa furotin bisa wannan umurni. Ga mitokondiriya, watau murahun da ke ƙona abinci da iskar numfashi domin a sami ƙarfi. Sa'an nan ga lisosom, masu narkar da shara da tsofaffin kayan aiki.

To, abin mamaki shi ne yadda ake mulkin wannan gari. Cibiya ba ta yin gaban kanta. Ƙwaya mai lafiya ba ta rabuwa biyu sai saƙo ya zo mata daga jini ko daga maƙwabta, in kuwa wuri ya cika sai ta dakata. Cikinta akwai wani furotin mai suna p53, wanda aka gano a 1979, aikinsa tsaro. Idan umurnin gado ya sami taɓuwa, sai ya tsai da rabuwa har a gyara. In gyara ya faskara, sai ya sa ƙwayar ta kashe kanta domin sauran jiki ya tsira. Da irin wannan mutuwa ce yatsun ɗan tayi ke rabuwa da juna tun yana ciki.

Ciwon daji kuwa ƙwaya ce da ta daina jin "ya isa". Tana ci, tana hayayyafa, tana janyo jijiyoyin jini zuwa gare ta, tana kutsawa gonar maƙwabta. A wajen rabin cututtukan daji na mutane, mai tsaron nan p53 ne ake tarar ya lalace. Wata mata a Amurka, Henrietta Lacks, ta rasu a 1951 sanadin dajin bakin mahaifa, amma ƙwayoyin da aka ɗiba daga ciwon nata har yau suna rabuwa a ɗakunan bincike. Sun ƙi mutuwa, sun kuwa kashe jikin da ya ciyar da su. Lalle kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wani zai ce ai ƙwaya ba ta da niyya, saboda haka ba ta da lada balle zunubi. Gaskiya ne, kuma nan nauyin mutum ya fito. Ita an ɗaura mata linzami, shi kuwa an damƙa masa nasa amana. Mai tsaronsa shi ne kunya, da tsoron Allah, da jin nasihar maƙwabci.

Ashe ba yawan abin hannu ke nuna haɗama ba. Ma'aunin shi ne, ƙaruwar mutum tana ƙara wa jama'a ƙarfi, ko kuwa tsotse su take yi? Attajirin da ya ɓoye hatsi lokacin yunwa, da ma'aikacin da ya haɗiye kuɗin magani, su tambayi kansu yaushe rabonsu da cewa "ya isa".