Yardar Mai Jin Yunwa

Malaman fiƙihu sun koya mana cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, tana inganta ne idan an san aikin, an san ladan, kuma ɓangarorin biyu sun yarda. Sharuɗɗan farko biyu ba su taɓa ba ni wahala ba, domin igiya da awo suna raba gardama a kansu. Na ukun ne ya hana ni sakat a shekarun nan. Ni birkila ne, mutumin Gummi, kuma a wurin aiki a tsakiya nake: mai gini ya yi ciniki da ni, ni kuma in juya in yi da leburori. Na sha ganin magidanci ya karɓi kuɗin yinin da ba zai sayi tiyar gero da cefane ba, ya ce ya yarda, har ya yi godiya. Tambayata ita ce ko wannan yardar ce Allah yake nufi.

Masu cewa aikin gini ya mutu ne ranar da aka cire tallafin mai ba su san yankinmu ba. A nan manomi ne uban gidan magini. Idan kaka ta yi kyau, ya sayar da gero da wake da shinkafa, sai ya ƙara ɗaki don auren ɗansa, ko ya cire jinka ya sa kwano. Tun da 'yan bindiga suka fara ɗora wa ƙauyuka haraji kafin noma da kafin girbi, kuɗin ɗakin nan daji yake tafiya. Zinaren Anka da Bukkuyum ma ya gina gidaje da shaguna, duk da cewa shi ne ya zo da gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a 2010, a irin su Bagega, Dareta, Abare da 'Yargalma. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara. A Satumbar 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya. A farkon Janairun 2022 aka yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kisan da har yau ba a daina zancensa ba. Kafin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya iso mu, mun riga mun jigata.

Daga nan sai 29 ga Mayun 2023, ranar da aka cire tallafin mai. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin tifar yashi ya bi ta. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a Fabrairun 2024, alhali ga kamfaninsa nan a Kalambaina, kusa da Sakkwato, maƙwabtanmu. Duk unguwar da ka shiga sai ka ga gini ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a cikin falo.

Aiki ya ragu, masu nemansa kuma suka ninka. Mutumin da jiya yake da rumbu uku da shanun huɗa a ƙauyensu, yau ya shigo gari da iyalinsa, ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa, kuma ɗaukar bulo ba ya buƙatar koyo. A Anka, wasu daga cikin 'yan gudun hijirar a harabar sabuwar fadar sarki da ba a gama ginawa ba suka fake. Irin waɗannan su ne ke tsayawa a bakin fili tun bayan asuba, kowa da shebur, wani ma aro ya yi.

A cikin wannan hali ake ciniki. Wani mai hali, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya kira ni zagaye fili da katanga. Ya faɗi abin da zai biya a jinga, na lissafa masa cewa in na karɓa a haka, leburorina rabin kuɗin yini za su samu. Ya ce: "Malam birkila, wanga shi na iya. In bai yi maka ba, ga mutane can bakin ƙohwa." Gaskiya ya faɗa, suna nan. Da na ce masa, "Alhaji, a duba Allah," bai ji haushi ba, mamaki ma ya yi. Ya ce shi bai tilasta kowa ba, kuma duk wanda ya yi masa aiki zai biya shi kafin ya bar wurin. Mutum ne mai sahun gaba a masallaci, kuma ban yi zaton yana ganin ya yi wani laifi ba.

Na kai maganar gaban wani malamina a Bukkuyum, wanda nake ɗaukar karatu a zaurensa idan aiki ya kai ni can. Ya ce ƙulla cinikin ya inganta. Tilas ɗin da ke ɓata ciniki shi ne na barazana daga wani mutum, yunwa kuwa ba mai ginin ne ya saka ta ba. Ya tuna mini cewa an taɓa roƙon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi a Madina lokacin tsada, bai yi ba. Na ce: "Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma alƙali ba zai rushe shi ba. Amma duk abin da alƙali ya ƙyale, shi ke nan an tsira da shi gobe?" Ya ce wannan kuma wata tambaya ce daban. To, ni waccan ta daban ɗin ce ta dame ni.

Akwai ƙissar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Bayin wani mai suna Haɗibu sun saci taguwar wani mutum sun yanka. Aka kai su gaban Sayyidina Umar, ya yi niyyar zartar da haddi, sai ya fahimci maigidansu yana barin su da yunwa. Ya janye hukuncin daga kansu, ya ɗora wa maigidan biyan ninkin kuɗin taguwar. Abin da na ɗauka a nan shi ne Umar bai ɗauki yunwa kamar iska ko ruwan sama ba, abin da ba a tambayar kowa a kansa. Ya nemi wanda yake da hannu a cikinta, ko yake cin moriyarta, ya kama shi. Alhajin nan bai kori kowa daga ƙauyensu ba, wannan haka ne. Amma rangwamen da ya samu a katangarsa daga ina ya fito? Daga korar da aka yi musu ya fito. Da suna gonakinsu, da ba zai sami lebura a wannan kuɗin ba.

Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya taɓo ainihin sana'armu a littafinsa na Hisba. A ganinsa, idan jama'a suka matsu da buƙatar manoma ko masaƙa ko magina, hukuma tana iya tilasta su yin aikin a kan ladan da aka saba biyan irinsa. Ba za a bar su su tsuga wa mutane kuɗi ba, ba kuma za a bar mutane su tauye musu haƙƙi ba. Ma'auni ɗaya ne yake aiki ta fuska biyu, kuma mu a Gummi mun ga ɗaya fuskar da idonmu. A Agustan 2024 ambaliya ta shiga garin ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa, galibi na ƙasa. Da ruwa ya janye, sai ga masu gida suna bin magina, wasunmu kuma suka ɗaga kuɗin aiki a kan mutanen da ke kwana a makarantu da gidajen dangi. Su ma hujjarsu ita ce ta Alhaji: ba mu tilasta kowa ba, da yardarsa. Wanda ya yi kuka da cinikin katanga a rani, ya kuma yi irinsa bayan ambaliya, ba zalunci yake ƙi ba, kasancewa a ƙasa yake ƙi.

Na san abin da za a ce mini, domin leburorin da kansu sun faɗa mini. Rabin lada ya fi zaman banza. Idan aka dage sai cikakken kuɗi, masu gini za su fasa, kowa ya rasa. Kuma ba kowane mai gini ne mai hali ba. Akwai malamin firamare da ke tara bulo hamsin-hamsin daga albashi, akwai bazawarar da ke son ta tayar da bangon da ya faɗi kafin damina. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma a wurin aiki ba ya wuya a gane wanda ya rage don babu da wanda ya rage don ya ga layi a ƙofa. Na farko yakan rage ginin ne: ya ce a yi ɗaki ɗaya bana, ko a koma tubali da yaɓe, a bar filasta sai baɗi. Yakan yi magana da kunya, wani lokaci ya fito da fura da rana. Na biyu ba ya rage komai a ginin. Zai biya siminti cif, ya biya rodi cif, ya biya kwano cif, domin dila ba ya jin roƙo. A cikin duk abin da ke shiga katanga, gumi ne kaɗai yake karɓar tayi, sai a sauke tsadar sauran a kansa.

Mu ma akwai abin da za a tambaye mu. Idan aka matse magini, hanyar ramuwarsa a buɗe take: ya ƙara yashi ya rage siminti, buhu ɗaya ya fitar da bulon da ya wuce ƙima, a taƙaita ban ruwa, a rage zurfin harsashi. Mai gida ba zai gane ba sai bayan damina biyu ko uku. Na ji masu cewa ai kuɗinsa ne ya yi masa aiki. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Waɗanda za su kwana a gindin bangon, mata da yara, ba su halarci cinikin ba. A Suratul Kahfi, bangon da Halliru ya tayar a garin da aka hana su abinci, shi da Annabi Musa, na marayu biyu ne da ba su san ma ana yi ba, kuma rowar mutanen garin ba ta sa ya yi aikin rabi da rabi ba. Sai dai a lura, shi da kansa ya zaɓi barin ladan. Kada wani mai gini ya ɗauko wannan ƙissa ya karanta wa lebura.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake raba wa'azi. Lebura ake karanta wa babin haƙuri da ƙaddara, a ce masa arziki rubutacce ne, kuma haka ne, na yi imani da shi. Amma ban cika jin an hau mumbari an karanta wa masu gini babin ladan da ya dace ba, ko an tuna wa masu mulki abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina a littafin Usulus Siyasa, cewa kula da masu sana'a da gyaran hanyoyi da kasuwanni yana cikin aikin shugaba. Hanyar Anka zuwa Daki Takwas zuwa Gummi, idan direban tifa yana tsoron bin ta da yamma, wannan tsoron yana shiga farashin kowane bulo. Jihar da ta riga kowa fara aiki da shari'a a 2000 bai kamata ta san ta a bakin kotu kaɗai ba.

Mu 'yan kaɗan da muke aiki tare mun yi wata yarjejeniya a tsakaninmu, ba a rubuce ba. Ba ma ƙayyade kuɗin lebura da naira, domin naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Muna duba farashin tiyar gero a kasuwar makon, mu ce kada yinin mutum ya gaza abin da zai ciyar da gidansa a ranar. Idan jingar ba za ta ɗauki haka ba, mu rage yawan leburori mu ƙara kwanaki, ko mu bar ta. Daga kaka zuwa tsakiyar rani abin yana tafiya. Da bazara ta kawo jiki, rumbuna suka yi ƙasa, sai wani cikinmu ya zagaya da dare ya karɓi aikin da muka ƙi, kuma ba na iya buɗe baki in zarge shi, don na san yawan bakin da ke gidansa. Samarin da muka koya wa riƙe igiya kuwa, tun da aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Disambar 2024, da yawansu sun ajiye kayan gini sun nufi ramukan zinare, wasu kuma sun tafi cirani Abuja da Legas. Katangar Alhaji wani ne ya gina ta, a kan kuɗin da ya faɗa tun farko.