Baƙon Mako Biyu a Potiskum

Idan matasanmu suka tashi zuwa Potiskum domin aikin bishara na mako biyu, himmarsu abin godiya ce ga Ubangiji. Amma wa zai ɗauki nauyin kalmominsu bayan sun dawo?

Potiskum mazaunin Sarkin Fika ne tun 1924, yawancin Bolewa kuwa Musulmi ne. Saurayin da ko gaisuwa da Bolanci bai iya ba, in ya yi wa'azi da zafin baki kusa da kasuwar shanu, jibi yana gidan iyayensa. 'Yan'uwanmu Karekare da Ngizim, waɗanda ke katanga ɗaya da mutanen, su za su amsa tambaya, wataƙila har ciniki ya guje musu. Ni dai a ganina, fastocin wurin ya kamata su faɗi wanda zai zo, da abin da zai yi.