Waƙar Juyin Lokaci da Sharhinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai juya dare da rana, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da Alayensa da Sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, dalilin wannan waƙa shi ne wani dattijo daga cikin 'yan'uwa da ya tsai da ni a ƙofar zawiya bayan an tashi daga wazifa, idanunsa cike da ƙwalla. Ya ce shekara talatin yana tsayuwar dare, yau gwiwa ta ƙi, barci ya rinjaye shi, yana jan carbi zuciyarsa na wani wuri, har ya fara zaton Allah ya kore shi daga ƙofa. Na ga ciwon nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai shi ga mai jego, da ɗan cin rani, da wanda aka yi wa rasuwa, da wanda arziki ya juya wa baya. Shi ya sa na tsara waɗannan baitoci na bi su da sharhi, don amfanin kaina da 'yan'uwa.

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Gwanin da ya tsara zuwa da wucewa.
Salati ga Ɗaha da Alu, Sahabu,
Da bayin da ke bin su har ran tsayawa.
Ina gargaɗi ne ga raina da naka,
Muridin da ke damuwa kan gazawa.
Ka dubi sama'u, ka dubi ƙasa ma,
Ina lokacin da ya ƙi gushewa?

SHARHI: Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya yi mana rahama da ni da kai, babu wani hali da aka halitta don ya dawwama. A ƙasarmu damina kan ba kaka wuri, kaka ta ba ɗari, ɗari ya ba bazara, kuma ba a taɓa jin manomi ya yi fushi don kaka ta ƙi zama damina ba. Dubi ma azumi. Shekarar Musulunci ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka Ramalana yana zagaya lokatai duka cikin kimanin shekara 33. A 2000 mun yi shi cikin ɗari, a 2005 cikin kaka, a 2010 cikin damina, a 2021 cikin tsakiyar bazara. Farilla ɗaya ce, amma nauyinta ga jiki ya bambanta, kuma Wanda ya wajabta ta shi ne ya juya mata lokaci. To, haka rayuwar bawa take. Ƙuruciya da tsufa, lafiya da ciwo, samu da rashi, kowane da irin bautar da ake nema a cikinsa.

Idan damina ta sauka ka shuka,
Ka bar lissafin bara, ta yi wucewa.
Ruwan yau kaɗai ke jiƙa maka gona,
Na gobe yana hannun Mai zubarwa.
Asara ta tabbata gun mai ibada,
Jiki na sahu, zuciya can a kasuwa.

SHARHI: Waɗannan baitoci suna magana a kan huduri, watau halartar da zuciya a inda jiki yake. Malaman tasawwufi sukan kira sufi ɗan lokacinsa, don ba ya barin aikin sa'ar da yake ciki ya tafi makokin jiya ko fargaban gobe. Manomin da ruwan shuka ya sauka ya zauna yana ba da labarin gonar bara, kafin ya farga ƙasa ta bushe. Asalin huduri kuwa muraƙaba ce, wato bawa ya sakankance Ubangijinsa yana ganinsa a wannan numfashin da yake ciki. Wannan shi ne matakin Ihsani da ya zo a hadisin Mala'ika Jibrilu.

Ga yadda za ka horar da kanka. Idan ka tsaya salla kada ka yi gaggawar kabbara, dakata gwargwadon numfashi uku, ka tuna gaban Wa ka tsaya. Idan ka zauna lazimi, istigfari 100 da salati 100 da hailala 100, ka bar kunnenka ya ji abin da harshenka ke faɗi. Zuciya za ta kuɓuce, babu makawa, ta tafi kuɗin hatsi ko bashin da ake bin ka. Da ka farga, ka komo da ita cikin natsuwa, kamar yadda makiyayi ke kore tunkiyar da ta ratse zuwa garke. Ba ya karya mata ƙafa don ta ratse, kuma ba ya gajiya da korowa. Farkawar nan da ka yi, ita kanta zikiri ce, don gafalalle na gaskiya bai ma san ya tafi ba. Haka kuma a wajen cin tuwo, da alwala, da sauraron maganar iyalinka: ka kasance a nan.

A kaka idan ka ga damma a rumbu,
Ka gode, ka fid da rabon mai rasawa.
Idan ko kaɗan ne ka samu a gona,
Ka bar tsine kanka, wa ke da ruwa?

SHARHI: Kaka lokacin lissafi ce, ita ce misalin muhasaba, wato mutum ya zauna ya duba abin da ya aikata. Muhasaba wajibi ce ga muridi, amma tana da ladabi. Abin da ka yi sakaci a kansa, ka tuba ka gyara. Abin da ya fi ƙarfinka kuwa, kada ka ɗora wa kanka laifinsa. Dattawanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. A shekarun nan mutane sun yi shuka sun yi noma kamar kullum, ruwa ya ɗauke, dabbobi suka ƙare. Wa zai ce ragonci ne ya hana su girbi? Shari'a ma ta bambance: wanda hatsinsa ya kai nisabi, wasaƙi 5, ya fid da ushiri in ruwan sama ya shayar, rabin ushiri in da wahalar ban ruwa ya noma. Wanda bai kai nisabi ba, babu kome a kansa. Idan Mai dukiya bai tambaye ka abin da bai ba ka ba, don me kai za ka tsare kanka da tambaya dare da rana?

Ɗari in ya zo da hazo ya rufe gari,
Ka san rana na nan a bayan rufewa.
Hakan zuciya kan yi sanyi da nauyi,
Riƙe wuridinka, ka bar yankewa.

SHARHI: Wannan shi ne halin da masana ke kira ƙabdu, wato ƙuntatar zuciya, kishiyar basɗu. Bawa ya yi zikiri bai ji daɗin da ya saba ji ba, ya yi addu'a kamar yana magana da bango. Sau da yawa yakan zo bayan rasuwa, ko ƙaura, ko rabuwar aure, wani lokaci kuma ba a san dalilinsa ba. Kada ka ce an kore ka. Sahabi Hanzala, Allah ya yarda da shi, ya taɓa tuhumar kansa da munafunci, don ya ga halin da yake samu a majalisin Annabi yana raguwa idan ya koma cikin iyali da dukiya. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Da suka kai ƙara, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu ɗan Adam sa'a-sa'a ne, ba a halicce shi a kan hali ɗaya ba. Shi kansa Fiyayyen halitta wahayi ya taɓa yanke masa na ɗan lokaci har maƙiya suka yi ta surutu, sannan Suratud Duha ta sauka tana lallashinsa. Ya kuma rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib a shekara guda, har aka san ta da shekarar baƙin ciki, ba a daɗe ba Allah ya buɗe ƙofar Madina a 622.

Dubi kuma Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya yarda da shi. An haife shi a Ainu Madi a 1737, ya rasa uwa da uba a annoba yana ɗan shekara 16. Babban buɗi bai zo masa ba sai da ya haura arba'in, a Abu Samguna. A 1798 ya bar ƙasarsa ya koma Fas, a nan ya zauna har wafatinsa a 1815. Maraici, da dogon jira, da ƙaura, duka sun ratsa rayuwarsa. To kai wane ne da za ka ce hanyarka ba za ta bi ta cikin hazo ba?

Abin yi a lokacin ɗari shi ne mutum ya matso kusa da wuta. Kada ka ware kanka, ka halarci wazifa ko da ba ka jin kome, ka faɗa wa muƙaddaminka ko wani amini abin da ke damunka. Idan kuwa baƙin cikin ya daɗe har ya hana ka ci da barci, ka je wurin likita, don neman magani sunna ne, bai kuma rage tawakkali ba.

Bazara da zafi takan zo gabannin
Ruwa, don ka san tsanani na wucewa.
Ka dubi gawo, ya ƙi ganye a damina,
Da rani yake bai wa garke inuwa.
Jikinka raƙuminka ne kan tafarki,
Idan ka kashe shi, ina za ka kaiwa?
Idan tsufa ya zo ka zauna ka sallata,
Ubangiji ya san iyakar iyawa.

SHARHI: Allahu Akbar! Gawo aya ce a gonakinmu. Lokacin da kowane itace ke kore shi yana tsaye tsirara, ya bar hatsi ya sha rana a ƙarƙashinsa. Idan rani ya yi, sauran sun kaɗe, sai ya fid da ganye da 'ya'ya, dabbobi su samu abinci da inuwa. Wanda ya gan shi a watan Agusta ya ce ya mutu, bai san gawo ba. Saboda haka kada ka auna kanka da lokacin wani. Wani buɗinsa a ƙuruciya yake, wani sai da furfura.

Tausaya wa kai kuwa umurni ne daga Sunna. Annabi ya yi horo a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta har ya ɗan sassauta. Ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Nana Zainab ce, tana riƙewa idan ta gaji da nafila, sai ya sa aka kwance, ya yi umurni mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Salmanu ya hana Abud Darda'i azumi da tsayuwar da suka sa ya manta da iyalinsa, ya tuna masa ransa ma yana da hakki a kansa, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basir, aka ba shi izinin salla a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Anas ɗan Malik, hadimin Annabi, da tsufa ya kama shi ya ajiye azumi yana ciyar da miskinai. A mazhabarmu ta Malikiyya ciyarwar nan mustahabbi ce ga tsoho, mudu guda a kowace rana. Ɗariƙa ma ta bi wannan sawu: wuridin safe yana da lokacin lalura har faɗuwar rana, na yamma har fitowar alfijir, mara lafiya da mai haila kuwa an ba su zaɓi.

To, ya kai dattijo mai kukan gwiwa, raka'a biyu da ka yi a zaune da karyayyar zuciya, wa ya sanar da kai ba su fi tsayuwar shekara talatin nauyi a mizani ba? Ya ke mai jego da yaro ya hana ki zama kan buzu, renon nan bauta ce idan kin yi niyya. Ya kai ɗan cin rani a Kumasi ko Ikko ko Abijan, da ba ka samun jama'ar wazifa, yi taka kai kaɗai, Wanda kake kira yana can kamar yadda yake a gida.

Idan ka yi tuntuɓe tashi ka tuba,
Muradin La'ini ka ƙi tasowa.
Fa sauƙi daban ne, sakaci daban ne,
Farilla ga mai hankali ba ta faɗuwa.

SHARHI: Nan ne wurin taka-tsantsan, don rai mayaudari ne, zai ji wannan wa'azi ya ce madalla, bari in kwanta. A'a. Sauƙi shi ne ka karɓi rangwamen da Shari'a ta ba ka a lokacin da ta ba ka. Sakaci shi ne ka ƙirƙiro wa kanka rangwame. Salla biyar ba ta sauka daga kan baligi muddin hankalinsa na nan, sai dai siffarta ta sauya. Hakkin mutane ma ba ya faɗuwa da cewa na yafe wa kaina, sai an biya ko an nemi yafiya. Ga ma'auni: nadamar da ta tashe ka ka yi alwala ka nemi gafara, daga Rahamanu take. Wadda ta zaunar da kai tana ce maka kai kam ka riga ka lalace, me ya rage, wannan daga Shaiɗan take, don yanke ƙauna daga rahamar Allah yana cikin manyan zunubai. Ka yi wa ranka irin maganar da za ka yi wa ƙanenka in ya zo maka da kuka: ka gaya masa gaskiya, ka kuma kama hannunsa.

Ilahi ka ba mu huduri da sauƙi,
A rani da damina, har ran ƙarewa.
Ka sa mu cika da Kalmar Shahada,
Bijahin Muhammadu, mai kyan yabawa.

Ya Allah ka jiƙan iyayenmu da shaihunanmu, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka mai da matafiyanmu gida lafiya, ka ba mu damina mai albarka. Wanda ya karanta ya ga kuskure ya gyara, ya kuma sa mu a addu'a.

Tammat bi hamdillahi. Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallam.