Wai Har Yanzu Babur Ɗin Malam Ne?

Mai karatu, yau ka yi mini afuwa, ba fim zan feɗe maka ba. Babur na kawo maka. Amma ka biyo ni a sannu, za mu ɓulla ta wajen fim ɗin.

A garinmu Daura ta ƙaramar hukumar Ƙaraye (ba Daurar Bayajida ba, kullum sai na yi wannan bayani), kakana, wanda kowa ke kira Malam, ya rasu ya bar Honda CD175. Malamin firamare ne. A 1975, da aka biya ma'aikata ariyas ɗin Udoji, wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo, shi kuwa ya hau mota zuwa Kano ya dawo a kan babur. Silinda biyu, giya huɗu, kafireta ɗaya tak. Da shi ya karaɗe makarantun ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, tun ba a yi dam ɗin Challawa ba. Da ya rasu aka jingine shi a zaure, kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai.

Bara ni da ƙanena muka ce sai mun tashe shi. Wata bakwai muna fama. Tayoyi, sarƙa, fistin da ringi, wayoyi, kujera, salansa biyu da tsatsa ta cinye, tankin da ya zama rariya, duk sai da aka sauya. Wasu kayan daga Ƙofar Ruwa a Kano, wasu daga gawar wani babur irinsa da muka samu a Rogo, wasu kuma sababbi 'yan Chana. Da na duba littafin da nake rubuta kashe-kashen kuɗi, sai na ga abin da ya rage na asali bai wuce ƙashin babur ɗin mai lamba, da murfin inji, da ƙahon tuƙi ba.

A nan rigima ta tashi. Ƙanena ya ce, "Yaya, tunda komai sabo ne, bari in yi masa kwalliyar zamani. In yanke salansa, in sa shuɗiyar fitila, in manna sitika." Na ce ba zai ɓata babur ɗin Malam ba. Ya nuna mini buhun da muka tara tsofaffin ƙarafa a ciki, ya ce, "Ai ga babur ɗin Malam can a buhu." Wallahi na rasa amsa.

Tambayar yaron nan ta girmi kakanmu nesa ba kusa ba. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan wani gwarzonsu, Theseus, wanda mutanen birnin Atina suka adana. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masana suka shiga musu: jirgin nan shi ne, ko wani ne? Bayan ƙarnoni Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa miyar gishiri, ya ce to idan wani ya tsince tsofaffin katakan ya harhaɗa su fa, wanne ne na gaskiya? Ƙanena bai taɓa jin sunan Hobbes ba, amma buhunsa shi ne wannan hujjar. Na so in kare kaina da zauren gidanmu, wanda ake yi wa yaɓe shekara da shekaru kuma ba wanda ya daina kiransa zauren Malam. Sai na tuna da kaɗan-kaɗan ɗin nan ne wasu zaurukan suka zama shagon bulo. Ashe sauyi a hankali ba ya wanke kowa.

Kafireta ce ta fara ba ni haske. Ta asalin ta cinye, mai yana tsiyaya ta gindinta, dole muka sa sabuwa. Babur ya tashi, amma ƙararsa kamar ta injin markaɗe, ga baƙin hayaƙi. Muka tura shi wajen wani tsohon bakanike a Ƙaraye, wanda ya yi wa Malam aiki a da. Ka san aikin kafireta bai wuce haɗa fetur da iska ba, kuma a lissafin masana, awo ɗaya na mai yana son kusan awo 15 na iska in an bi nauyi. Mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, babur ya riƙa shaƙewa yana shan mai kamar rairayi. Iska ta yi yawa, fulogi ya yi fari fat, inji ya ɗau zafi, in aka matsa masa har fistin ya ƙone. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, Baba ya ce, yawancin masu zuwa wajensa cewa suke ya shaƙe musu mai, su tsira da kuɗin lita, su biya da kuɗin inji.

Bai taɓa sukurun ba sai da ya wanke matatar iska, don ƙurar hunturu kaɗai tana iya sa haɗin ya yi nauyi. Ya daidaita fulot, ya sauya ƙaramin jet, ya sauke allurar totur da gaɓa ɗaya, ya bar inji ya yi ɗumi. Sannan ya ɗaure sukurun iska a hankali har ya zauna, ya warware shi kamar zagaye ɗaya da ɗan ƙari, ya karkata kai, ya rufe ido. Yana juyawa kaɗan-kaɗan kamar mai neman tashar BBC a tsohuwar rediyo. Can sai ƙarar ta kwanta, ta koma bugu mai taushi, daidai-wa-daida. Ya ce, "Ɗan nan, haka Malam yake son sulo ɗinsa. Ba ya son a ji shi kafin a gan shi." Da muka zagaya muka dawo ya kwance fulogi, ga shi ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa.

Da na shigo da shi gida da la'asar, kakarmu ta fito har bakin zaure, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta tsaya shiru, sannan ta ce, "Maigidan, da wannan ƙarar nake sanin lokacin kwashe tuwo." Ka lura, ba ruɗinta muka yi ba. Ta san tankin sabo ne, don akuyarta aka sayar aka saye shi. Abin da ta gane babu shi a buhu, babu shi a Ƙofar Ruwa. Saiti ne, wanda ya zauna a kunnen mutum biyu fiye da shekara 40.

To ga fim ɗin da na yi maka alkawari. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Abin da 'yan kallo suka gani a majigi na kwamfuta ne, ko taƙi ɗaya na tsohon faifan bai ratsa na'urar ba, amma ba wanda ya ce ba fim ɗin Adamu Halilu ba ne. Yanzu ka ƙaddara masu gyaran sun ga fim ɗin ya yi sanyi, sun cusa masa rawa da waƙa uku irin namu don kasuwa. Kai ma ka san da mun yi musu ca. Mai gyara yana tambayar me mai abin ya nufa, mai kwalliya yana tambayar me shi kansa yake so. Ban ce na biyun laifi ba ne, in dai zai sa sunansa a kai.

Wanda ya ba ni tsoro shi ne wani dillali da ya ji labari ya zo. Ya yi tayi mai tsoka, da sharaɗin in mai saye ya tambaya mu ce ba a taɓa buɗe injin ba, shi zai san yadda zai dusashe sababbin kayan su yi kamar tsofaffi. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da gama wannan magana: wanda aka ɓoye wa aibin haja yana da ikon mai da ita. Na sallame shi, kuma a ranar na ga ƙanena da shuɗiyar fitilarsa ya fi shi gaskiya sau dubu. Shi aƙalla ba ya nufin kowa ya ɗauka Malam ne ya sa ta.

Ina cikin jin daɗin na yi nasara a musu sai kakarmu ta sake leƙowa, ta ce, "Ina akwatin littattafan?" Tirƙashi! Malam ya sa kafinta ya ƙera masa akwatin katako a bayan babur, inda yake zuba rajista da alli, ya kuma sa baduku ya yi wa kujerar riga ta jar fata. Ni da hannuna na cire su tun ranar farko, don a hoton kamfani da na gani a intanet babu su. Ashe wata bakwai ina ta ƙoƙarin mai da babur ɗin hannun Honda, ina kiran abin biyayya ga Malam. Shi kansa Malam ɗan kwalliya ne, na zamaninsa. Ƙanena ya yi dariya har da riƙe ciki.

Mun zazzage buhun mun samo akwatin, gara ta ci gefe ɗaya, an kai wa kafinta. Rigar fatar ta mutu, sai dai a ɗinka wata. Salansa dai na ce ba za a yanke ba, kuma a kan wannan kakarmu tana bayana. Maganar fitila kuwa har yanzu ba mu gama ba, don yaron ya gano cewa ta asalin, mai batir ɗin bolt 6, ko ramin da ke gabanka ba ta nuna maka a hanyar Rogo da daddare.