Sai An Wasa Ƙarfe Yake Ci

Nassosi: Mai Hadishi 10:10, Karin Magana 27:17, 1 Sama'ila 13:19-22

A garuruwan da ke kusa da daji, kamar a jihohin Taraba da Nasarawa da kudancin Kaduna, ƙarar injin yankan katako ba baƙuwa ba ce. Da shi ake fitar da katakon rufin gidaje da na majami'u, kuma 'yan'uwa da yawa a cikin ikilisiya da wannan sana'a suke ciyar da iyalinsu. Injin kansa bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1926 ne wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera nasa mai aiki da lantarki, a 1929 kuma ya fito da mai shan fetur. Amma gaskiyar da aikinsa ya dogara a kai, Mai Hadishi ya rubuta ta tun zamanin gatari. A sura ta 10 aya ta 10 ya nuna cewa sakaci da wasa ƙarfe yakan sa mutum ya ɓarnatar da ƙarfinsa, amma mai hikima yakan shirya kayan aikinsa kafin ya fara.

Alamun dakushewa

Gwanin wannan aiki ba ya jiran injin ya tsaya kafin ya san sarƙa ta dakushe. Yakan dubi abin da take zubarwa. Sarƙa mai kaifi takan fitar da ɓarɓashi manya manya, ta kuma ja kanta cikin itace ba tare da an danna ba. Wadda ta dakushe kuwa sai ta riƙa zubar da gari mai laushi kamar dusa, mai aikin yana dannawa da ƙarfi, hayaƙi yana tashi, fetur yana ƙarewa, aikin kuwa ba ya ci gaba. Abin lura shi ne, ƙarar injin ba ta raguwa. Wanda ke nesa zai ɗauka aiki na tafiya daidai.

Haka rayuwar mai bi takan zama. Zai yiwu mutum ya kasance cikin kowane kwamiti, yana zuwa kowane taro, amma ya daɗe bai buɗe Littafi Mai Tsarki domin kansa ba. Alamun sukan bayyana a gida tukuna: saurin fushi, gunaguni cikin hidima, addu'ar iyali da aka rage sannu a hankali har aka daina. Irin wannan mutum yakan ga laifin itacen, wato matarsa ko fastonsa ko 'ya'yansa, alhali kuwa matsalar tana bakin sarƙarsa.

Yadda ake wasawa

Ana wasa haƙoran sarƙa da magagari mai zagaye, kuma kowace sarƙa tana da girman magagarin da ya dace da ita. Ƙananan injina sukan ɗauki mai kaurin milimita 4, manyan da ake tsaga katako da su kuwa mai milimita 5.5. Mai aikin yakan kashe injin, ya kafa shi yadda ba zai motsa ba, ya sa alama a haƙorin da ya fara da shi. Yakan tura magagarin gaba kaɗai, daga cikin haƙori zuwa waje, a karkace kamar digiri 30, ya yi wa kowane haƙori gogawa biyu ko uku. Idan ya gama gefe ɗaya sai ya juya injin ya bi ɗaya gefen. Masu hankali sukan yi wannan a kai a kai, wasu ma duk lokacin da suka tsaya zuba fetur, domin gyaran 'yan mintoci ya fi sauƙi a kan sarƙar da aka bari ta lalace.

Dole ne a kashe injin kafin a wasa. Ubangiji Yesu da kansa yakan janye zuwa wurin da ba kowa domin addu'a (Markus 1:35), ya kuma kira almajiransa su huta a lokacin da jama'a suka hana su ko cin abinci (Markus 6:31). Gidan da ke cewa ba shi da lokacin sujadar iyali kamar mai yanka ne da ke cewa aiki ya yi masa yawa, ba zai tsaya wasa sarƙa ba. Wasawa kuma tana cire ɗan ƙarfe daga haƙori. Karin Magana 27:17 ta kwatanta abuta ta gaskiya da gogayyar ƙarfe biyu, gogayya kuwa ba ta da daɗi. Mai bin da ba ya karɓar gyara daga kowa ya zaɓi dakushewa ke nan.

Idan haƙoran gefe ɗaya suka fi na ɗayan tsawo, yankan zai karkace komai ƙarfin mai riƙe da injin. Wannan darasi ne ga miji da mata. Inda uwa ke kai yara sujada uba kuwa yana zaman majalisa, ko uba yana horo uwa tana rushewa a ɓoye, tarbiyyar yaran ba za ta tafi a miƙe ba.

A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudun ƙarfe da ke iyakance zurfin cizonsa, tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba. Idan tudun ya yi tsawo, haƙori ba zai ci ba ko da yana da kaifi. Idan aka goge shi fiye da kima saboda gaggawa, sarƙar za ta riƙa cafkar itace, injin ya yi tsalle, har ya iya dawowa kan mai shi. Wannan tudu shi ne kamunkai, wanda Galatiyawa 5:23 ta lissafa cikin 'ya'yan Ruhu. Baiwar da ba ta da shi ta raba ikilisiyoyi da gidaje masu yawa.

Wa ke wasa 'ya'yan masu bi?

A zamanin Saul, Filistiyawa sun hana a sami maƙeri a ƙasar Isra'ila. Duk mai son wasa garmarsa ko gatarinsa sai ya gangara wurin abokan gaba ya biya kuɗi. Da ranar yaƙi ta zo, Saul da Jonatan kaɗai ke da takobi da mashi. Iyayen da suka bar wayar hannu da abokan titi su tsara tunanin 'ya'yansu sun rufe maƙerar gidansu da hannunsu. Makarantar Lahadi taimako ce, amma Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ɗora aikin koyarwa a kan iyaye.

Kowane aiki da makaminsa

Sarƙar da ake datse gungume da ita dabam take da wadda ake tsaga shi a tsaye, domin ita wannan ana wasa ta a kan digiri 10 ne kawai. Ba a ɗaukar babban inji domin rassan da adda za ta sare. Dawuda ya gwada sulken Saul, ya ga bai saba da shi ba, ya tuɓe, ya ɗauki majajjawarsa da duwatsu biyar. Manzo Bulus kuma ya bayyana a 1 Korantiyawa 12 cewa Ruhu ɗaya ne ke raba baye-baye iri iri. Saboda haka bai kamata a naɗa mutum ma'aji ko dattijo don arzikinsa ko danginsa ba. Bai kuma kamata uba ya tilasta wa yaron da Allah ya ba basirar aikin hannu ya bi karatun da ba nasa ba don kawai a yi alfahari da shi.

Gargaɗi ga masu sana'ar

Kaifin sarƙa ba izini ba ne na sare kowane itace. Ko a lokacin yaƙi, Allah ya hana Isra'ilawa sare itatuwa masu ba da 'ya'ya (Maimaitawar Shari'a 20:19). An sare madobiya a Taraba da wasu jihohi har aka dakatar da cinikinta zuwa ƙasashen waje daga Nijeriya a shekarar 2018. Ya dace Kirista mai inji ya bar kaɗanya da ɗorawa waɗanda mata ke ciyar da gida da su, ya bi dokar hukuma, ya dasa a madadin abin da ya sare. Ya kuma kiyaye ransa da na yaran aikinsa da hular kwano da takalma masu ƙarfi, kada ya taɓa riƙe inji cikin maye.

Bari kowane gida ya tsai da lokacin kashe injin hidimomin duniya, ya zauna a gaban Maganar Allah. Ubangiji ya mai da jama'arsa kayan aiki masu daraja, shiryayyu domin kowane kyakkyawan aiki. Amin.