"Ina gajiya?" "Ba gajiya."

Hutun bara na yi sitaj a wani kamfani a Maraɗi. Kullum da safe shef yakan leƙa wajen sakatariya: "Hajiya, ina gajiya?" Ita kuma: "Ba gajiya, ranka ya daɗe." Alhali a asibiti take kwana jinyar mahaifiyarta, kuma sai bayan magariba take tashi daga aiki, ko da yake dokar aiki ta 2012 awa 40 ta yanke a sati. Ran nan na tarar da ita tana kuka a bayan injin fotokopi.

A aji an koya mana cewa irin wannan tambayar ba labari take nema ba, zumunci take ɗaurewa. Amsarta a shirye take tun kafin a buɗe baki. To, ya halatta maigida ya fake da ita? Ni dai na ce a'a. Shi ma Bahaushe ne, ya san "ba gajiya" ba shaida ba ce.

Mai zazzaɓi ana ba shi hutu. Mai damuwa fa? "Yi haƙuri." In ta ƙara bayani, a fara raɗe-raɗin taɓin hankali, ko a ce iska ce. Shi ya sa take yin shiru, don abincinta na nan. Wanda albashinta ke hannunsa shi ya kamata ya sake tambaya, su biyu kaɗai, ya kuma shirya rage mata aiki in ta faɗi gaskiya.

Washegari ni ma na gaishe ta. Ta ce ba gajiya. Na ce madalla, na wuce teburina.